Jan Bulon Baban Madam Odil

Na ji ku jiya kuna cewa aikin gid, wato rakiyar baƙi masu yawon buɗe ido, ba aiki ba ne. Wai mutum ya sa hula, ya shiga gaban Nasara yana nuna musu bango, da yamma ya dawo gida yana fito. Har ɗan ƙanwata yana cewa shi da wayarsa kaɗai zai iya, tunda tarihin duniya duk yana cikinta. To ku matso, a ƙara gawayi a shayin nan. Tun gemuna bai fito sosai ba nake kai baƙi tsohuwar kanisar da ke bayan Gassi, yau ga shi ya yi fari, kuma ban taɓa ganin bango ya karɓi baƙo da kansa ba.

Kanisa dai ita ce coci, kamar yadda 'yan'uwanmu na Najeriya ke cewa. Faransawa suka gina ta da jan bulo tun ana kiran garin nan Fort Lami, a kan wani tudu kusa da kogin Shari. A jikinta akwai gidan su mompe, limamansu da ba sa aure, suna zaune tare suna ibada suna noman lambu. Kakana daga Katsina ya taso da ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya a nan ya ɗan huta, har yau muna hutawa. Ni jikansa sai Allah ya sa abincina a rakiyar masu ziyarar kanisa. Shi ya sa a nan Gardole ake ce mini Ladanin Nasara. Ina amsawa, domin masu kiran nawa ba su taɓa ƙin shan shayin da sana'ar ta saya ba.

Wanda ya koya mini aikin shi ne Baba Tomas, wani mutumin kudu da ke zaune a Abena, mai wata tsohuwar motar daji da sai an tura take tashi. Ya ɗauke ni ne don na yi lakwal, makarantar boko, ina jin Faransanci. Na ɗauka zai sa ni magana. Sai ya miƙa mini jarkar ruwa da kujera mai naɗewa, ya ce, "Hamidu, bakinka ka bar shi a gida, ba za mu buƙace shi bana ba." Haka na yi ta bin sa ina ɗauke da kaya kamar jaki, ina haddace duk abin da yake faɗa, ina jiran ranata.

Ranar ta zo da wani tsohon Bafaranshe dogo, shi da matarsa. Baba Tomas ya tsaya rufe mota, ni kuwa na ga dama ta samu. Tun daga ƙofar shinge na buɗe baki: wanda ya zana ginin, inda aka ƙona bulo, yadda aka kawo gilashin tagogi ta jirgin ruwa. Ina cikin zuba sai na ji diddigen Baba Tomas a kan babban yatsana, ya danna ya ƙi ɗagawa, yana yi wa baƙin murmushi. Ya wuce da su bayan kanisa inda maƙabartar su mompe take, ya nuna wani kabari da hannu, ya ja ni muka koma gindin dalbejiya. Ashe ƙanin mutumin ne a kwance a wurin. A hanyar dawowa ya ce mini, "Ba ka ga ya cire hularsa tun daga mota ba? Wanda ya zo kallo yana riƙe da kyamara. Wanda ya zo gaisuwa yana riƙe da hula. Ka fara duba hannun baƙo kafin ka buɗe masa bakinka." Na yi mako ina ɗingishi, amma karatun ya zauna.

Kayan aikin ma ku ba ku san su ba. Akwai laima, ba don ruwa ba, don Nasara idan rana ta dake shi sai ya koma kalar tumatir ya fara neman wanda zai yi wa faɗa. Akwai tsumma na goge kashin jemage daga benci kafin baƙo ya zauna, da doguwar sanda ta taɓa ciyawa a maƙabarta, da dabino a aljihu saboda wanda jiri ya kwasa. Sannan sai ka san rana. Da hantsi haske yana shigowa ta tagar gabas, ya zuba ja da shuɗi a ƙasa, baƙo ya tsaya baki buɗe. Idan ka yi latti rana ta take, rufin ya ɗau zafi, warin jemagu ya sauko, babu tarihin da zai riƙe mutum a ciki. Kuma sai ka san lokutan ibada biyu, nasu da naka. Idan su mompe sun shiga waƙarsu ba a shiga musu. Ni ma a lokacin nake shimfiɗa darduma a gindin dalbejiya in yi azahar. Akwai baƙin da suka fi ɗaukar hotona ina sujada fiye da kanisar da suka zo gani.

Baƙi kuwa kala-kala ne. Tsofaffin sojoji suna so ka ce musu babu abin da ya canza. Ma'aikatan agaji suna tambayar wa ya ɗauko bulon, ka faɗa musu, su girgiza kai, sannan su tambayi inda ake sayar da lemo mai sanyi. Kiristocin Najeriya da Kamaru ba kallo ke kawo su ba, durƙusawa suke yi su yi addu'a, idan sun tashi su ce, "Malam, wai babu mai taimakawa ya yi wa wurin nan fenti ne?" A bakin ƙofa akwai dutse da aka rubuta sunan mompen da ya gina kanisar. Uban Baba Tomas yana cikin waɗanda aka kamo daga ƙauye suka yi ta dakon bulo a ka daga bakin kogi, ba lada ba la'ada. Idan baƙo ya tambayi Baba Tomas wa ya yi ginin, sai ya nuna dutsen ya ce, "Mompe ne ya gina. Ubana ya ɗan taya shi da kawo bulon." Fuskarsa kuma ko motsi ba ta yi.

Abin da muke nunawa ba shi da yawa. Bencinan maɗaci da suka yi baƙi don tsufa, waɗanda ba na barin kowa ya ɗora musu ƙafa. Ramukan harsashi a bango tun yaƙin da aka yi muna samari. Ƙararrawa, wadda ta asali ta ɓace a yaƙin, su mompe suka rataya ƙarfen tayar babbar mota suna bugawa. Na ga mace ta yi hawaye da jin ta, ta ce sak ta ƙauyensu. Sai kuma abin da nake ajiyewa ƙarshe: a bangon baranda mai kallon kogi akwai bulo guda da shugaban masu ƙona bulo, wani Bafaranshe, ya zana wa haruffan sunansa da ɗan tsuntsu tun yana ɗanye. Ba a ganinsa da sauƙi. Ina bin wata doguwar tsaga a bango har ramin harsashi, in auna kamu ɗaya zuwa hagu, in shafa masa ruwa da yatsa, sai tsuntsun ya fito. A nan ne baƙo ke yarda cewa da gaske gid ya ɗauka.

Mummunar shekarata ba ɗaya ba ce, biyu ne suka hau kan juna. Korona ta zo ta rufe filin jirgi. Lokacin Baba Tomas ya riga ya rasu, 'ya'yansa sun sayar da motar. Na koma zaman shagon yayana ina auna sukari da koro, mudunmu na nan, wanda ya saba bayani da Faransanci ya koma cewa "koro nawa?" Baƙi sun fara ɗigowa ke nan sai damina ta yi nauyi, Shari ya cika ya tumbatsa. Da na fara zuwa kanisar nan daji ne ke kewaye da ita. Yanzu Gassi ta haɗiye ta, sababbin gidaje ko ta ina, kuma yawancinsu a kwari aka gina su. Nasara sun zaɓi tudu tun da can, suka bar wa jikokinmu fadama, mu kuma muka sa mata katanga da ƙofar ƙarfe. Ruwa ya shiga ɗaki-ɗaki. Wurin da ya rage a bushe shi ne tudun kanisa.

Su mompe a lokacin ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba, duk 'yan ƙasa ne, babbansu Mompe Andire, wani gajere mai tsohon tabarau. Ya buɗe ƙofa bai tambayi kowa addininsa ba. Da kwale-kwale na je, don ƙanwata tana can da yaranta. Na tarar da mata da yara cike da kanisa, maza a farfajiya, awaki a maƙabarta suna cin furannin kaburbura. Mompe Andire da kansa ya nemi zani ya lulluɓe gunkin da ke gaba, don tsofaffi su samu natsuwar yin salla. Da itace ya ƙare, ya dubi bencinan maɗacin nan ya ce a fara da na baya. Ni da na yi shekaru ina hana Nasara jingina jaka a jikinsu, ni na kama gefe ɗaya muka fitar. Maɗaci yana da kyaun ci da wuta, wannan ma ilimi ne da babu shi a waya.

Cikin waɗanda suka fake akwai Hajiya Kande, mahaifiyar Alhaji Mamman mai siminti, wanda rabin gidajen hayar Gassi nasa ne. Ruwan ya same shi yana tafiya, ya bar ta da jikoki. Hajiya ta ce ita ba za ta kwana cikin ɗakin ibadar wasu ba, amma ba ta ƙi inuwarsa ba. Aka shimfiɗa mata tabarma a baranda, ta zauna a wurin har ruwa ya janye. Kullum da safe Mompe Andire yana kawo mata ruwan zafi a buta da hannunsa.

Da Alhaji Mamman ya dawo ya ji labari, sai ya rantse zai saka wa kanisa. Kuma Alhaji mutum ne mai cika alkawari, wannan ita ce masifar. Wata safiya na je sai na ga tifa ta sauke yashi, buhunan siminti jibge, magina sun kafa katako a jikin bango. Na ruga wurinsa.

Na ce, "Alhaji, don Allah a bar bangon nan yadda yake. Tsufan nasa ake zuwa gani."

Ya ce, "Malam Hamidu, ginin da ya rufa wa uwata asiri zan bari tsirara? Kai idan tsoho ya yi maka alheri, barinsa kake yi da yagaggiyar riga don baƙi su ɗauki hoto?"

Na ce, "Ai ramukan nan tarihi ne."

Ya ce, "Rami ne. Ƙadangaru ke kwana ciki."

Na tafi wurin Mompe Andire, ina ganin shi zai fahimta. Ya saurare ni har na gama, ya goge tabaransa, ya ce, "Malam Hamidu, kai da rani kake zuwa, da laima. Mu ne muke nan da damina, da bokiti."

Aka yi wa kanisa filasta ciki da waje. Aka cire tsohon rufi aka sa kwano mai sheƙi, jemagu suka yi hijira. Aka shafa mata fenti ruwan hoda da ratsin kore a ƙasa, irin wanda ke jikin gidajen hayar Alhaji, don shi ne ya rage masa a sito. Maimakon benci aka kawo kujerun roba farare. Alhaji ya ga ƙarfen tayar da ake bugawa ya ji kunya, ya saya musu lasifika irin ta masallacinmu. Ranar buɗewa an yanka raguna, liman ya zo, mompe ya yi godiya, kowa ya yi murna. Baƙin farko da na kai bayan haka sun leƙo ta tagar mota suka ce in daina wasa, su ba otal suka ce in kai su ba.

Ana haka sai ga Madam Odil. Tsohuwa ce mai sanda, gashinta fari kamar auduga, ta zo ita kaɗai. Wani da na taɓa rakawa ne ya ba ta lambata. Ashe 'yar mai ƙona bulon nan ce. Ta ce tun tana ƙarama babanta yake ba ta labarin tsuntsun da ya bari a bango a Afirka, ya mutu bai koma ya gani ba, ita kuma likita ya ce mata idan tana da wata tafiya ta yi ta yanzu. Tun a masauki na gaya mata an rufe bangon. Ta ɗaga hannu ta ce ba komai, farar ƙasa ba ta ɓoye zane. Na sake faɗa, ta sake cewa ba komai. Na ɗauki kujera muka tafi.

Da ta sauka ta ga ruwan hodar nan, sai ta tsaya. Ta taka har baranda, ta shafa bangon, sumul kamar ƙwai. Na buɗe mata kujera ta ƙi zama. Can ta ce, "Wa ya yi wannan?" Na faɗa mata. Ta ce, "Kai ni wurinsa."

Alhaji da ya ji an ce ga Banasariya ta zo daga Faransa saboda kanisa, sai ya ɗauka godiya aka aiko ta yi. Ya sa aka shimfiɗa kafet, aka kawo gasasshen nama da lemo, aka kira Hajiya Kande ta zo ta ga baƙuwa. Ni ne tafinta, kuma duk abin da aka ce shi na mayar. Madam ta ce ya binne aikin babanta da ransa. Ta ce abin da yaƙi bai iya yi wa ginin ba shi ya yi masa da cokalin magini. Alhaji ya ajiye naman da ke hannunsa.

Ya ce, "Tambaye ta, da ruwa ke zuba a kan su mompe, tana ina? Ko buhu ɗaya ta aiko?"

Na mayar. Madam ta yi ja, ta ce ba ta zo jayayya ba, bulo ɗaya take so ta gani. A fasa mata wurin, faɗin tafin hannu kawai.

Alhaji ya ce, "A fasa? Filastar da na sa aka yi da siminti mai kyau? Gobe wani ya zo ya ce kakansa ya yi tofi a bangon gabas, shi ma a fasa masa?"

Hajiya Kande tana gefe tana jan carbi, sai ta ji na ambaci tsuntsu. Ta ce, "Hamidu, wane tsuntsu?" Na yi mata bayani. Ta ce, "Au, ɗan tsuntsun nan mai karkataccen baki? Ai shi ne abokin hirata. Nan kaina yake idan na kwanta. Har yaran nan suna ba shi tsaki." Ta juya ta dubi Madam tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Ubanta ne ya yi shi?" Na ce e. Ta ce, "Ya rasu?" Na ce ya daɗe. Sai ta ce, "Mamman, ka fasa."

Ya ce, "Hajiya, ai..."

Ta ce, "Marainiya ta taso tun daga ƙasarsu. Ka fasa."

Washegari da hantsi muka hallara a baranda da magini da kurfi da guduma, Mompe Andire yana tsaye yana kallon sama kamar ba bangonsa ba ne. Aka ce gid ya nuna wuri. Na duba, babu tsaga, babu ramin harsashi, babu abin da zan auna kamu daga gare shi. Bulon da na nuna wa mutane har ba na iya tuna adadinsu ya ɓace mini a gaban jama'a. Na yi shahada na ɗora yatsa. Aka fasa, bulo ne kawai. Na matsa gaba kaɗan, aka fasa, sai sawun akuya da ta taka shi yana ɗanye. Kowane bugu Alhaji sai ya runtse ido kamar haƙorinsa ake cirewa.

Hajiya ta ce, "Ku kauce." Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma inda ta saba, ta kwanta a kan gefenta na dama tana fuskantar alƙibla kamar yadda ta riƙa yi, ta miƙa hannu sama ta bayan kanta, ta dafa bango. Ta ce, "Nan."

Magini ya bi a hankali. Filasta ta ɓare, sai ga shi. Siminti ya shige cikin zanen ya cika shi, haruffan da tsuntsun suka fito fari tas a kan ja, har daga bakin shinge ana iya gani. Ni da na yi rayuwata ina shafa masa ruwa da yatsa ban taɓa ganinsa da kyau haka ba.

Madam Odil ta ba ni sandarta. Ta durƙusa da ƙyar a kan tabarmar Hajiya, ta ɗora tafin hannunta a kan bulon. Hajiya ta matsa mata, suka zauna kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ba Hausa, ɗaya ba Faransanci, kuma babu wadda ta waiwayo ta nemi tafinta. Na koma gindin dalbejiya na jira.

Da za mu tafi Alhaji ya biyo mu har mota. Ya riga ya sa an auna wurin, za a sa masa gilashi da firam na alminiyam da ɗan ƙwan lantarki, don ba zai iya barci ba alhali akwai rami a aikinsa. Sauran ramukan biyu da na jawo masa kuwa ya ce ni zan riƙe wa magini kwano. Ya leƙo ta taga, ya gaishe da Madam da hannu biyu, sannan ya ce mini, "Malam Hamidu, tambaye ta da kyau. Idan tana da sauran dangi a cikin bangon nan ta faɗa tun yanzu, don wata mai zuwa tayil za mu sa."

Na mayar mata kalma da kalma. Ta dube shi, ta dubi kanisar ruwan hoda, sannan ta fashe da dariya har tana riƙe ƙirji. Alhaji ya ji daɗi ƙwarai. Har yau yana gaya wa mutane cewa Faransa ta aiko wakiliya ta musamman, kuma ta tafi tana murna da aikinsa.